Me ya sa tikitin kallon wasannin jami'a yake ta tsada a Amurka?

Malamin firamare, daga wani ƙauye a ƙasar Ringim:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ƙanena da ke karatu a Amurka ya ba ni labarin wani dattijo maƙwabcinsa, wanda ya daɗe yana sayen tikitin kakar wasa domin kallon ƙungiyar jami'ar garinsu, amma bana ya haƙura ya bar kujerarsa saboda kuɗin ya fi ƙarfinsa. Abin ya tsaya mini a rai, domin a sanina wasan ɗalibai kyauta ake kallonsa, kamar yadda muke kewaye filin makaranta. Ina roƙon masu sani su fahimtar da ni.

Mazaunin Kazaure:

Wa'alaikumus salam, Malam. Wasan jami'a a can babbar kasuwa ce, domin filin Jami'ar Michigan kaɗai yana ɗaukar mutum fiye da 107,000. A da, tallafin karatu kawai ake ba 'yan wasa. A 2021 aka ba su damar karɓar kuɗin talla da sunayensu, sannan a watan Yunin 2025 kotu ta amince da wani sulhu tsakanin 'yan wasa da hukumar wasannin jami'o'i, wanda ya ba kowace babbar jami'a damar raba wa 'yan wasanta kuɗin da ba su wuce kusan dala miliyan 20.5 ba a shekarar farko. Jami'ar Tennessee ta fito fili ta ɗora kashi 10 cikin 100 a kan tikiti domin biyan wannan kuɗi. Bayan haka, a manyan jami'o'i da dama sai mutum ya ba da gudummawa ta dole kowace shekara kafin a bar masa kujera mai kyau.

Mai gidan kallo, kusa da Dambatta:

Ranka ya daɗe, na san zafin wannan lamari. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin man janareta ya tilasta mini ƙara kuɗin shiga, kuma waɗanda na fara rasawa su ne mutanen da suka riƙe ni tun ina da talabijin ɗaya da benci biyu. Har yau idan na ga yara suna leƙe ta jikin zana, raina yana ɓaci. Ba na adawa da biyan ɗaliban, tun da guminsu ne ke cika fili. Sai dai ni ba ni da wata hanyar samu, alhali su jami'o'in suna karɓar maƙudan kuɗi daga gidajen talabijin, suna kuma biyan wasu kociyoyi miliyoyin daloli a shekara. Daga can ya kamata a fara ragewa.

Malamin firamare:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Zan tambayi ƙanena ko jami'ar tana yi wa tsofaffin masu kujera wani rangwame, domin ya ce dattijon nan tun 'ya'yansa suna ƙanana yake zuwa filin da su.