Motar tsere mai shan E85 za ta yi wata huɗu a ajiye: me zan zuƙe, me zan bari?

Ɗan Gareji:
Assalamu alaikum. Masana, ina neman shawara. Motar tsere ce ta kan kwalta, mai injekta, E85 take sha, wato haɗin etanol da fetur. Tankin irin na tsere ne, jakar roba da soso a ciki, baƙin mai kuma yana da tankinsa daban, ba a ƙasan inji yake kwana ba. An gama gasar bana, kuma da saura kamar lita 25 a tanki. In zuƙe ko in bari? Man birki da ruwan lagireto fa, yanzu ake canzawa ko sai za a koma fili?

Baban Sifana:
Wa alaikumus salam. Zuƙe shi, ɗan'uwa. Mafi yawan E85 etanol ne, shi kuwa etanol laimar iska yake sha ta bututun numfashin tanki. Ruwan da ya sha shi ke cin alminiyom, ya kawo tsatsa a cikin injekta har allurarta ta maƙale.

A fili za ka yi, inji ya huce, na'urar kashe gobara a kusa. Kada ka yi a kan ramin gareji, domin tururin mai ya fi iska nauyi, cikin rami yake taruwa. Layin man yana riƙe da matsi wajen ba 3 (ba, wato "bar", ma'aunin matsi ne), don haka fara zare fiyus ɗin famfon mai, ka tayar da inji har ya mutu da kansa. Sannan ka naɗa tsumma, ka kwance tiyon da ke zuwa wajen injektoci, ka zura shi cikin jarkar ƙarfe. Jarkar ta zauna a ƙasa, ka haɗa ta da jikin mota da waya, saboda gudun mai cikin tiyo yana tara caji, tartsatsi ɗaya kuwa ya isa. Mayar da fiyus, ka ba famfo wuta. Da ka ji ƙararsa ta canza, kashe shi nan take: man ne ke sanyaya shi, idan ya juya a bushe ba ya daɗewa. Ragowar da ke ƙasan tanki da famfon hannu ake kwashewa, ba da wani abu mai lantarki ba.

Bayan nan zuba lita 10 na fetur zalla, ka bar famfo ya zagaya da shi minti biyar. Hattara a nan: an saita kwamfutar injin ta fesa kusan kashi 30 cikin ɗari fiye da abin da fetur ke buƙata. Idan babu na'urar gane etanol a layin, sauya saitin zuwa na fetur kafin ka tayar, in ba haka ba fulogi za su yi baƙi, fetur ya wanke jikin silinda.

Malam Lagireto:
Baba ya gama magana a kan zuƙewa, sai dai ni ba zan bar fetur ɗin cikin jakar har wata huɗu ba. Wanda ke cikin tiyo da injekta ya zauna, na tanki a sake kwashe shi. Tunda an zo nan, buɗe murfin saman tankin ka ciro soso ɗaya ka murza. Idan yana marmashewa a yatsa, canza duka. Garin soson nan shi ke toshe filta, mota ta riƙa jin yunwar mai a tsakiyar gudu, fistin ya ƙone, a yi ta zargin famfo. Filta biyu ne: mai maikuron 100 (awon girman ƙofofin filta) kafin famfo, mai 10 bayansa, kuma kada ta zama ta takarda, E85 ba ya barin ta. Duba kwanan watan da ke jikin jakar ma. Jakar da ke kan ƙa'idar FT3 ta FIA, hukumar tseren motoci ta duniya, shekara biyar ce, sai ƙarin biyu idan kamfanin da ya yi ta ya duba ya sabunta.

Lagireto kuwa, filaye da yawa sun hana koren ruwan nan mai gilaikol, don in ya zube kwalta santsi take yi. Tataccen ruwa ake sa wa da maganin tsatsa. Idan inda za a ajiye ta ana ƙanƙara, sai a juye a sa mai gilaikol, in ba haka ba bulok zai tsage. Gwada murfin: mai riƙe matsin ba 1.1 yana kai tafasar ruwa wajen digiri 120, wanda ya saki kuwa mota za ta yi ta amai.

Hajiya Birki:
Man birki ka bar shi sai saura kwana kaɗan a koma fili, tunda shi ma laima yake sha yana zaune. Man birki ajin DOT 4 sabo ƙa'idarsa kada ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma da ya sha ruwa kashi 3.7 cikin ɗari ƙa'idar ta sauko 155. Shi ya sa feda ke nutsewa bayan zagaye kaɗan. Na tsere, irin Castrol SRF ko Motul RBF 600, sun haura 300 suna sababbi. Lita ɗaya kan isa, daga kwalbar da ba a buɗe ba. Kada ka haɗa da DOT 5, silikon ne. Idan masta (silindar da feda ke turawa) biyu ne da sandar daidaita birki, gaba ɗaya da baya ɗaya ake cire wa iska lokaci guda, don kada sandar ta karkace ta hana ɗaya mastan kaiwa ƙarshe.

Ɗan Gareji:
Allah ya saka da alheri. Baƙin man fa, Baba?

Baban Sifana:
Shi yanzu, ba sai an dawo ba, domin etanol da ruwa sun riga sun shiga cikinsa. Juye shi da ɗuminsa daga tanki da kaskon ƙasa da kular da ke sanyaya shi da tiyoyi, ka canza filta. Zuba sabo, cire fulogi, ka murza sitata har agogon mai ya nuna matsi. Awo kuma sai inji ya yi zafi, da zarar ka kashe shi. In ka auna da sanyi, man ya riga ya gangara ƙasa, za ka ga kamar ya ragu, ka ƙara, ya yi ta fesowa ta bututun numfashi.