Wa ya taɓa sauya wa tsohuwar Land Cruiser inji zuwa na gas (dizal)?

Baban Khalifa, Tudun Jukun:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da Land Cruiser 80 mai injin fetur 1FZ, wadda mahaifinmu ya bari, Allah ya jiƙansa. Da ita nake shiga gona a bayan Soba, ba ta taɓa kwana da ni a laka ba. Amma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 shan manta ya fi ƙarfina, don silinda shida ne, lita 4.5. Bakanikena a Sabon Gari ya ce mu sauke shi mu ɗora 1HZ na gas. Sayar da ita ba ya raina. Duk wanda ya taɓa yi, don Allah ya faɗa mini abin da ya gani.

Alhajin Kwangila:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Irin taka ce tawa, kuma na yi. Kuskurena ɗaya: tsurar inji na saya daga hannun wani dila a Legas, ina murnar na samu sauƙi. Da ya iso muka ga bakin giyabos bai hau ba, ƙafafun da inji ke zama a kan sasi sun bambanta, salansa ma sai da aka sake lanƙwasa ta. Wata huɗu motar tana kan dutse a gareji, ni ina jeka-ka-dawo tsakanin Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna ina tsintar kaya ɗaya-ɗaya. Da na haɗa lissafi, na fi wanda ya sayi yankakken gaban mota kashe kuɗi. In za ka yi, ka nemi gaban gaba ɗaya, da inji da giyabos da lagireto da wayarin duk na gida ɗaya.

Sannan ka cire rai da gudu. 1HZ lita 4.2 ne, ba turbo, ƙarfinsa kusan doki 130. A hanyar Kaduna sai na ga fili sosai nake wuce tirela. Amma in na sa ogzilari, wato ƙaramin giyar ƙarfi, a taɓo, a hankali take tafiya kamar sa da garma, kuma ba fulogi ba distiributa, balle ruwan rafi ya jiƙa su ta mutu.

Malamin Samaru:
Alhaji ya yi maganar aljihu, ni ta rai zan yi. Pajero gare ni, aka cire mini V6 na fetur aka sa 4D56 na gas. Injin fetur da kansa yake zuƙo iskar da ke tausasa birki. Na gas ba ya yi, shi ya sa aka maƙala masa ƙaramin famfo, wanda a 4D56 yake bayan altaneta. To injin da aka kawo altanetarsa ta ƙone, sai yaron gareji ya ɗaura wata ta gama-gari marar famfo, bai gaya wa kowa ba. Ranar da na karɓi mota na ɗauko yarana biyu daga makaranta. Muna gangarowa daga gadar Kwangila, mai Keke Napep ya tsaya a gabana, na taka birki na ji kamar dutse na taka. Ƙafa biyu na sa, na miƙe daga kujera, na ja birkin hannu. Tazarar da ta rage tsakaninmu ba ta kai kamu ɗaya ba. 'Yar ƙaramar ta bugi bayan kujera da goshi, har yau in na tuna kukanta jikina sanyi yake yi. Baban Khalifa, kafin ka fita titi, ka gwada birkin nan sau goma a cikin gareji, inji na aiki.

Maman Sadik, Giwa:
Subhanallahi. Allah ya ƙara tsarewa, Malam. Mu Hilux ce ta maigidan, da ita muke kwaso masara. Aka cire injin fetur 22R aka sa 3L na gas saboda a rage kuɗin mai. Gaskiya tana shan ƙasa da na da, amma ai litar gas ta fi ta fetur tsada, kuma da ya yi tashin gwauron zabo a 2022 mun ji a jikinmu. Ga shi an bar tsohon lagireto, ta ɗauki zafi da lodi, kan inji ya tsage. Ni da za a mayar da hannun agogo baya, ba zan ba da kuɗin adashina ba.

Oga Mai Injekta, Tudun Wada:
Hajiya, ba laifin 3L ba ne, lagireton ne. Shekaruna sun haura ashirin a kan famfon injekta, yawancin abin da ake kawo mini gurɓataccen mai ne ya kashe shi, gas ɗin jarka da aka surka da kananzir ko mai ruwa a ciki. Baban Khalifa, ranka ya daɗe, a sauke tanki a wanke, a cire famfon fetur in akwai shi a ciki, a duba bututun da ke mayar da rarar mai. A sa filta mai tace ruwa, kana tsiyaye shi. A haɗa hita mai ɗumama inji kafin a tayar da kyau, in ba haka ba sanyin hunturun Zariya zai sa ka tura mota da asuba. Kuma kada ka yarda da bel ɗin tayimin da ya zo da inji, ba ka san tafiyar da ya yi ba. Sa sabo, ka rubuta kilomitar, ka sake a 100,000.

Alhajin Kwangila:
Na manta: ka riƙe rasit ɗin inji, ka je a gyara lambarsa a takardun mota tun kafin a tare ka a hanya.

Baban Khalifa, Tudun Jukun:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na kira bakaniken yanzu, ashe tsurar inji yake nufi, na ce ya dakata. Zan bari sai an sayar da waken suya in ga ko kuɗin zai kai ga gaban mota. Alhaji, in ba damuwa, zan so in zo Asabar bayan la'asar in ja taka zuwa Shika in dawo.