Waya da bututun mai a hanya ɗaya: za a iya ɗaure su tare?

Mai Haɗa Jirgi, Barnawa:
Assalamu alaikum injiniyoyi. Jirgin mai kujera biyu ne, na alminiyam, tankokinsa a cikin fukafukai, irin tsarin jirgin RV-6A da aka ɗora Air Beetle, jirgin koyon tuƙi na sojan sama, a kansa a nan Kaduna. Wayoyin fitila da bututun mai duk ta gindin fiffike suke shigowa, wurin kuma a matse yake. Zan iya ɗaure su tare? Wayar mota ta Panteka za ta yi? Sannan yaya ake gwada tanki kafin a zuba mai?

Injiniya na Mando:
Wa alaikumus salam Malam. Kada ka ɗaure su tare, ko da na wucin gadi ne. Ƙa'idar AC 43.13-1B ta hukumar jiragen saman Amurka ta fi son tazarar inci 6. Idan wuri bai ba ka ba, kada ta gaza inci 2, sai dai in ka kafe kowanne da maƙalinsa yadda ba zai motsa ba, a nan rabin inci ne iyaka. Waya a sama, bututu a ƙasa, don in mai ya ɗiga kada ya sauka a kanta. Jijjiga ce ke cinye rigar waya a hankali, ranar da tagulla ta taɓa bututu tartsatsi zai huda shi.

Wayar mota kuwa ka bar wa mota. Rigarta PVC ce, tana narkewa da wuri, hayaƙinta kuma guba ne a ɗakin da ba ka da wurin fita. Nemi mai rigar Tefzel, wato roba mai jure zafi, lamba M22759/16. Fis wayar yake karewa, ba fitilar ba: waya mai lambar kauri 22 a sa mata fis na amfiya 5, mai lamba 18 na amfiya 10. Bakin waya a matse shi da filaya ta musamman, ban da dalma, domin daidai inda dalma ta ƙare waya ke karyewa. Duk hudar da waya ta ratsa a sa mata zoben roba.

Makaniken Kawo:
Gwajin tanki ba aikin kwamfiresa ba ne, za ka kumbura fatar fiffiken. Toshe ko'ina, ɗaura balan-balan a bakin bututun shan iska, hura da famfon keke har ya tashi, kada matsin ya wuce psi 1 a ma'aunin iska. Bi kowace ƙusa da ruwan sabulu. Kumfar za ka kalla, don zafin rana kaɗai na iya kumbura balan-balan ko da tankin na yoyo.

Mannen toshe yoyon tanki kuma, Proseal, da sikeli ake haɗa shi, kashi 10 na manne da 1 na sinadarin da ke daskarar da shi. Awa 2 da aka ce yana bayarwa kafin ya fara daskarewa, a zafin Maris ba ya kaiwa, sai ka riƙa haɗa kaɗan-kaɗan da safe.

Injiniya na Mando:
Ƙari a kan na Oga: bakin bututun jirgi digiri 37 ake buɗe shi, na mota 45, ba sa zama da juna. Farin tef na masu famfo kada ya kusanci layin mai, yana yagewa ya toshe matata. Kafin tashin farko a auna kwararar mai: idan famfon mai ne ke turo shi, ta kai kashi 125 cikin 100 na abin da injin ke sha lokacin tashi.

Makaniken Kawo:
A kula da zanzaro ma. Yana cika bututun shan iska da laka, iska ba ta shiga, mai ya daina sauka, injin ya mutu a sama. Rufe bakin idan jirgi na ajiye, ka sa masa jan ƙyalle don kada a manta a cire.