Wace kalma za mu sa wa "friary"?

Malama Saratu: Salamu alaikum. Ana fassara tarihin Dumfries, wani gari a kudu maso yammacin Sikotlan, kuma kalmar "friary" ta tsaya mana a wuya. Sunan wani gidan masu ibada na Kirista ne a garin, kuma a cocin wannan gida ne Robert Bruce ya daɓa wa abokin hamayyarsa John Comyn wuƙa a gaban bagadi ranar 10 ga Fabrairu, 1306, makonni shida kafin a naɗa Bruce sarkin Sikotlan a Scone. Shin "gidan sufaye" ya isa?

Malam Ishaya: Malama, bai isa ba. "Gidan sufaye" ya fi dacewa da mazaunin waɗanda suka keɓe kansu, suna da gonaki da garken tumaki, ba sa barin harabarsu. Mabiya Faransis na Assisi, wanda ya rasu a 1226, su ne masu wannan gida, kuma akasin haka suke. Cikin gari suke gini ko a bakinsa, su fita wa'azi, su yi jinyar marasa lafiya, su ci abin da aka ba su sadaka. A 1231 suka iso Sikotlan. Idan muka haɗa su da sufaye a kalma ɗaya, mai karatu ba zai gane abin da ya sa manyan ƙasa biyu suka zaɓi wurin don ganawa ba: coci ne a tsakiyar jama'a, wurin da ake ganin ba mai zare makami.

Malam Habibu: To a ce "zawiya" mana. Ko "gidan almajirai", tunda bara suke yi.

Malam Ishaya: Zawiya za ta kai zuciyar Bahaushe ga Tijjaniyya da Ƙadiriyya. "Almajirai" kuwa a Littafi Mai Tsarki na nufin mabiyan Yesu, sai ma'ana ta rikice.

Baba Yohanna: 'Ya'yana, ku koma tushe. "Friar" daga Latin "frater" ta fito, wato ɗan'uwa, kuma sunan ƙungiyar kansa "ƙananan 'yan'uwa" ne. Kada dai a ce "gidan fada": ba dukkansu ne limaman coci ba, a rubuce kuma sai a ɗauka fadar sarki ce. Riga mai ruwan toka suke sawa, da igiya a ƙugu mai ƙulli uku, alamar alkawura uku: talauci, kamewa daga aure, biyayya. Rigar ce ta jawo musu laƙabin Greyfriars, wato 'yan'uwa masu riga ruwan toka.

Malama Saratu: Na gode, Baba. Kenan "gidan 'yan'uwa mabiya Faransis" a ambato na farko, daga nan "gidan 'yan'uwa" kawai. "Faransiskawa" fa?

Malam Habibu: A bar ta, kunne zai ji "Faransawa". Ginin dai ya rushe bayan juyin addini na 1560, lokacin da Sikotlan ta bar ɗariƙar Katolika, amma lungun da ke gangarawa kogin Nith har yau Friars Vennel ake ce masa. A rubuta sunan yadda yake, a bi shi da "wato Lungun 'Yan'uwa".