An yi wa ƙanena taron dangi: in kai shi Katsina ko in je komisariya?

Yayar Wani:
Assalamu alaikum. Ku yi mini uzuri, ban sa sunana ba. Ƙanena shekararsa 23, yana taya wata hajiya saida tuwo kusa da tasha a nan Maraɗi. Tun yana yaro muryarsa siririya ce, yara na ce mishi ɗan daudu, sai ya sunkuyar da kai ya wuce. Ran Talata wani ya sa hotonsa a WhatsApp na unguwa, ya rubuta wai ɗan luwaɗi ne. Bayan isha'i samarin wata fada (majalisar 'yan shayi) suka tare shi a lungu da gora da bel. Haƙora biyu suka zubar mishi, suka ƙwace wayarsa. Da na isa, takalminsa guda na cikin kwata, bokitin miya a kife. Cikinsu har da yaron da na goya da zanena lokacin da uwarsa ke kwance asibiti. Wannan ne ya hana ni barci.

Yanzu yana ɗakina, ko bayan gida ba ya zuwa sai dare ya raba. Inna ta ce a kai shi wurin kawu a Katsina. Me za ku ce?

Direban Jibiya:
Baiwar Allah, kar ki tsallaka da shi. Tun Janairun 2014 Goodluck Jonathan ya sa hannu kan dokar da ta yanke shekara 14 ga auren jinsi, 10 ga mai taimaka wa ƙungiyoyinsu. A watan nan aka yi ta jifar kotun shari'a a Bauchi ana cewa a miƙo waɗanda ake tuhuma da luwaɗi. Wata guda bayan haka aka bi gida-gida a Gishiri, cikin Abuja, ana jawo samari ana duka. Ga kuma Hisba a Katsina. Hoton nan zai riga shi isa, waya ba ta tsayawa a Ɗan Issa a duba mata takarda.

Malamin Allo:
'Yata, Allah ya ba shi lafiya. Ni matsayina a kan wannan aiki sananne ne, haramun ne. To amma wa ya gani? Suratul Hujurat ta hana zato da bin diddigin mutane. Kuma ko laifi ya tabbata, hukunci na alƙali ne, ba na 'yan shayi ba. Wanda ya watsa hoton ya ci mutuncin musulmi, waɗanda suka ɗaga gora kuwa akwai haƙƙin haƙoran nan a wuyansu. Ki sami limaminku a keɓe, ki kira shi ya ga bakin yaron da idonsa.

Ma'aikaciyar Jinya:
Yaya, fara da takardar likita tun raunin bai warke ba, ki kuma ajiye hoton saƙon da lambar wanda ya turo. Duka laifi ne ko wa aka buga. Sai dai kar ki je komisariya ke kaɗai, ki tafi da dattijon da ake jin kunyarsa, don tambayar na iya juyawa ta koma kan ƙanenki. Iskar ta canja: tsohon shugaba Bazoum ya yi maganar hukunta 'yan luwaɗi tun 2023, Mali ta sa dokarta a 2024, Burkina a 2025. Da manya sun faɗa a rediyo, yaran fada sai su ɗauka an ba su izini. A Kaolack ta Senegal, a 2023, kabari aka tone aka ƙona gawar wani saurayi da ake zargi da luwaɗi. Ku duba kunnensa kuma, in yana jin jiri ko amai kar ku jira.

Yayar Wani:
Na gode, Allah ya saka. Malam, limamin ya ce zai shigo bayan asuba. Katsina mun fasa. Ɗazu uwar yaron nan da na goya ta aiko da kunu a kwano, ba ta ce komai ba. Ƙanena ya sha rabi da cokali, leɓen bai bari ya kafa baki ba.