Yaro ya kasa tafiya bayan mura: me ke kawo haka?

Wata uwa daga Tahoua:
Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara 6 ya yi mura da tari da zazzaɓi mai zafi a wannan hunturu, ya samu sauƙi, amma yanzu yana kukan ƙafafunsa kuma ya ƙi taka ƙasa. Shin mura tana iya taɓa jijiyoyi?

Ma'aikacin jinya a Yamai:
Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Tana iyawa, ko da yake ba kasafai ba. Wani lokaci ƙwayar cutar kan kumbura naman sharaɓa, yaro ya riƙa tafiya a kan yatsu, ya warke cikin 'yan kwanaki. Abin tsoro shi ne idan garkuwar jiki ta juya ta far wa jijiyoyi, wato cutar Guillain-Barré, wadda rauninta ke farowa daga ƙafafu yana hawa sama har ya iya kaiwa ga numfashi. Ki kai shi asibiti yau, domin duk yaron da bai kai shekara 15 ba da ƙafarsa ta saki kwatsam, ana ɗaukar bayan gidansa a gwada saboda shan inna.

Wani malamin makaranta:
Hajiya, kada a ba shi asfirin, domin bayan mura yana iya lalata hanta da ƙwaƙwalwar yaro.

Ma'aikacin jinya a Yamai:
Gaskiya ne, Malam. Idan kuma wuyansa ya sandare, ko ya fara jijjiga, ko barci ya yi masa nauyi, to a wannan lokacin iska da ƙura dole a bincika sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro.