Likita ya hana ni gyaɗa, to me zan riƙa ci a Zango?

Maman Hanifa:
Salamu alaikum ƴan uwa. Ina Aboabo nan Kumasi. Sati 2 da suka wuce na ci tuwon shinkafa da miyan gyaɗa ranar Lahadi kamar yadda muka saba, kafin in wanke hannu leɓena ya kumbura, borin jini ya feso min, numfashi na fita da ƙyar, sai asibitin Komfo Anokye aka kai ni. An yi gwaji, likita ya ce alajin gyaɗa ne, in bar ta gaba ɗaya. Wallahi yanzu tsoron abinci nake, waakye da shayi kawai. Ga uwar mijina ita ke yin miyan Lahadi, ina jin nauyin in ƙi ci. Don Allah me kuke dafawa?

Hajiya Asawase:
Sannu ƴata, Allah ya ƙara sauƙi. Miya ai ba ta ƙare ba, ga ayoyo, kuka, kuɓewa, ga miyan kwakwar manja da ke tafiya da tuwon shinkafa lafiya lau. In kauri kike so sa agushi. Uwar mijinki kuwa, maigidanki ya zauna ya yi mata bayani, babu uwar da za ta so a sake kwasar surukarta zuwa asibiti.

Abban Sadik:
Yaya, miyan ba ita ce abin tsoro ba tunda ita kina ganinta. Ɗana haka yake. Yajin tsire garin ƙuliƙuli ne a ciki, dakuwa ma gyaɗa ce, mai kelewele (soyayyen plantain) kuma tana zuba gyaɗa a leda ɗaya ba ta tambaye ki ba. Ƙosai ki tambayi da wane mai aka soya, man gyaɗa na gida yana tada shi. Har ludayi, in an tsoma a miyan gyaɗa aka dawo da shi tukunyarki an gama. Mu tukunya da cokalinsa daban. Biskit da cakulan kuma ki karanta bayan leda.

Anti nas, Nima:
Ƙanwata kar wani ya ce ki riƙa ɗanɗana kaɗan kaɗan jiki zai saba, a gida wannan kasada ce. Cetirizine na ƙaiƙayi ne kawai, in maƙogwaro ya fara shaƙewa allurar adrenaline ake buƙata, a kira lambar gaggawa 112 ko a wuce asibiti nan take. Ki tambayi likitanki zancen riɗi kafin ki ci.

Maman Hanifa:
Na gode, Allah ya saka. Ashe har yaji! Jiya ma na kusa barbaɗawa a nama.